Kawarar da Na Mayar wa Sale

Da sunan Allah nake buɗe wannan babi, shi ne kuma ya fi yi mini nauyi a hannu. Khadija, ke da ƙannenki, na san abin da aka gaya muku. An ce uwarku ta yanke zumunci da ƙanenta uwa ɗaya uba ɗaya saboda ƙwan kifi, ta kashe sana'ar da ke ciyar da ku don taurin kai. Taurin kan ban musa ba, da shi aka haife ni. Amma tunda Allah ya sa na koyi riƙe alƙalami bayan furfura ta gama cin kaina, a ajin matan nan na Aziziyya inda nake zama cikin sa'o'in jikokina suna dariyar yadda nake danne biro kamar mai sassaƙa turmi, to ba zan mutu in bar ku da rabin magana ba. Ku da kuke jin Hausa amma bakinku ya fi gudu da Larabci, ku karanta a hankali.

Babana Bakabe ne, masunci ɗan masunci. Kifi ya bi daga ƙasar Kabi har ya kafa tunga kusa da inda kogin Komadugu ke zuba ruwansa cikin Tafkin Chadi, waɗanda suka taru a bayansa kuma suka ɗora masa sarautar ruwa ta wani reshen kogin. Kada ku ji sarki ku zaci wani abu. Kwalekwale ɗaya gare shi, da gorar tuƙi, da murya wadda in ya ɗaga ta sai na wancan ƙetare ya ajiye abin da ke hannunsa. A ruwan nan akwai wani kifi da ake kira kawara, bai fi tafin hannu ba, fari mai sheƙi da jar wutsiya. Duk rani a tafki yake zaune. Da zarar jan ruwan damina ya sauko, sai ya juya kai ya bar tafkin, ya hau kogi yana gaba da ruwa, cikinsa cike da ƙwai, har ya kai fadamun da ciyawa ta nutse. Can yake zuba ƙwansa ya juyo gida, 'ya'yan kuma su biyo baya in ruwa ya fara janyewa. Ba kawara kaɗai ke wannan tafiya ba, amma ita ce ke jan gaba, sai ka ga ruwa yana tafasa da ita kamar an watsa azurfa. Lokacin ne masunta ke kafa shinge a gicciye, su jera gura a jikinsa, wato kejin kama kifi. Dokar Baba guda ce tak: a tsakiya, inda ruwa ya fi zurfi, a bar ƙofa wadda kwalekwale zai wuce bai gogi komai ba. Ƙofar masu ciki ake ce mata. Ba a rufe ta sai ranar da shi da kansa ya ɗauki kawara ya fasa cikinta a gaban jama'a, aka ga wayam, alamar ta sauke ta dawo. Ni ce babbar 'yarsa, ni ke kan murhun banda inda ake ƙyafe kifi, saboda haka cikin kawara na san shi kamar tafin hannuna. Wata shekara wani baƙon masunci ya toshe ƙofar da gurarsa. Baba ya shiga ruwa har wuya ya tumɓuko su ya zube masa a gaba.

"Haba Sarki," in ji baƙon, "kifin Allah ne fa, ba ya ƙarewa."

"Na Allah ne, shi ya sa ba naka ba ne kai kaɗai," in ji Baba. "Da an tare wa uwarka hanya tana ɗauke da kai, yau wa zai tsaya yana yi mini gardama?"

Ina goye da Sale a ranar, autanmu, yana ta cizon gefen zanena. Bai ji ba, amma an maimaita masa maganar har ya haddace ta.

Sai babban fari ya zo, tafki ya yi ta gudu yana barin mu a kan laka. A cikin wannan ƙunci na auri ubanku, Malam Idi, Bakatsine mai zuwa sarin banda, muka sayar da abin da ke hannunmu muka zo aikin hajji ina ɗauke da cikinki, Khadija. Da aka gama aiki muka duba baya muka ga ba abin komawa, sai muka zauna a Jidda kamar yadda dubban irinmu suka zauna, ba iƙama ba kafili, wato ba takardar zama ba mai tsaya mana. Ina nan aka aiko mini Baba ya rasu, Sale ya gaji ruwan. Malam yana wankin mota, ni kuwa abin da na iya shi na kama. Akwai wata Hajiya Gambo, 'yar Diffa, mai safara tsakanin gida da nan, ita ke ɗauko mini bandar da Sale ya ƙyafe, a cuɗe cikin kayan kuka da daddawa. Ina baza tirena a bakin lungunmu na Bani Malik, ido ɗaya kan ciniki ɗaya kan motar baladiyya masu kwashe kayan 'yan talla. Kifin Bahar Maliya ga shi nan jibge a kasuwa, amma miyar kuka ba ta san shi ba. Matan Nijar, da na Chadi, da namu na Najeriya, ƙamshin hayaƙin gida ke jawo su, har ya zama in an ce bandar Kulu ba a sake tambaya. Da ita kuka ci kuka sha, da ita aka sa ki makarantar kuɗi, Khadija. Ni da Sale kuma ba mai karatu a cikinmu, kaset muke aika wa juna. Ya cika fuska ɗaya da gaisuwa da labarin wa ya haihu wa ya mutu, ɗaya fuskar ya yi mini tsiya, wai ya ji Larabawa sun mayar da ni fara.

Shekarar da aka gama tashin hankalin Kuwait, Maulidi ya faɗo a ƙarshen damina. Hajiya Gambo ta zo da masu umara, ta sauke mini kaya irin wanda ban taɓa samu ba, kwali kan kwali har ƙofar ɗaki ba ta rufuwa.

"Hajiya Kulu, bana kin haye," in ji ta. "Ƙanen nan naki ya zama giwan ruwa. Yalla, buɗe ki gani, ko ni sai da na ɗan ɗanɗana a hanya."

Na buɗe. Kawara ce zalla, manya, masu maiƙo, ƙyafin Sale mai kyau kamar kullum. Na ɗauki ɗaya zan ɓare wa Malam a miya, na danna babban yatsa a cikin, sai ƙwai ya zubo mini a hannu, rawaya, a dunƙule kamar tsabar gero. Na ce ai ba a rasa ɗaya da ta makara. Na fasa ta biyu, na fasa ta uku. Na buɗe wani kwalin na zura hannu can ƙasa na zaro. Duk wadda na taɓa mai ciki ce. Na zauna daɓas a kan siminti, hannuna kaca-kaca da ƙwai.

"Gambo, tsakaninki da Allah, ƙofar Baba a buɗe take?"

Ta kawar da kai tana gyara mayafi.

"Wace ƙofa kuma, Hajiya? Ai zamani ya wuce nan. Yanzu dumba ake yi. Wasu gura ne suka shigo, gurar Mali ake ce musu, masu ƙananan ido. Jera su ake daga wannan gaɓa zuwa waccan, ko allura ba ta wucewa. Kowa haka yake yi, ba Sale kaɗai ba."

"Sale ba kowa ba ne. Sale ɗan sarkin ruwa ne."

"To ɗan sarkin ruwan ba ya cin tuwo?"

Malam yana zaune a gefe yana jan carbi. Kun san tsakanin Katsinawa da Kabawa akwai wasa, shi kuwa bai taɓa barin nasa ya kwana ba.

"Oh ni Idi," in ji shi. "Kowa na kukan mutane, Bakaba na kukan kifi. Ki zuba mini shi da ƙwan nasa, Kulu, ai riba biyu kenan a kwano ɗaya."

Da ya dubi fuskata, ya ajiye carbin, don ya san abin ya kai inda ya kai.

"Uwar Khadija, a bi a hankali. Wannan kifin ya riga ya mutu, ko kin ƙi shi ba zai koma ruwa ba. Ga yara, ga haya, ga makaranta."

"Wannan ya mutu, Malam. Na baɗi fa? In na sayar da wannan, na ce wa Sale ƙaro kenan. Kowace kawara a nan gari guda ce aka ƙone."

Ban zubar da kifin ba, abinci ne, ba na wasa da abinci. Dafa shi muka yi ta yi ana kai wa masallacin lungu sadaka har ya ƙare, ko ƙwaya ban ɗora a tire ba. Sannan na sa ki, Khadija, kika danna mini rikoda, na gaya wa Sale abin da ke bakina. Ban zage shi ba, duk wanda ya ce na zage shi ƙarya yake. Na ce masa ya buɗe ƙofar Baba, in bai buɗe ba kada ya sake aiko mini da kifi. Abin da ya ƙona masa rai ba kaset ɗin ba ne. A al'ada, duk komawar Gambo ina haɗa masa tsaraba, dabino da zamzam da jallabiya, yara su taru a buɗe a gaban mutane. Wannan karon na ɗauki kawara ɗaya wadda na tsaga, ƙwan yana leƙowa, na naɗe ta a farin ƙyalle, na ce ta miƙa masa a matsayin tsarabar bana. A wurinmu mayar wa mutum abin da ya aiko maka ya fi mari ciwo. Na san haka, da saninsa na yi. Gambo ta yi ta roƙona in bari ta ce ya faɗi a jirgi. Na ce in ta yi haka Allah ya gani.

Da ta dawo ta kawo amsa. Kaset ɗin ba gaisuwa, ba labarin haihuwa, ba tsiya. Har yau in na rufe ido ina jin muryarsa.

"Yaya, na ga saƙo, an kuma buɗe shi a gaban 'ya'yana da surukaina. Na gode. Kina zaune ƙarƙashin fanka kina tuna tafkin da kika bari. Wannan tafkin babu shi. Baba ya yi doka lokacin da yake da ruwa, ni laka na gada. In na buɗe, na ƙasa da ni ya rufe, na sama da ni ya rufe, sai in zama mai yi wa wasu kiwo ina kallon yarana da yunwa. Ke da ruwa ya ƙafe kin ɗauki cikinki kin tsallake teku kin sami inda za ki sauke. Ni ina zan tsallaka? Ki riƙe ƙofarki, Yaya. Shi ke nan. Halas, kamar yadda kuke cewa a can."

Sauran zaren shiru ne har ya ƙare. Na zauna na saurari shirun nan duka, ko zai ƙara wani abu.

Ina so ku gane wannan da kyau: kawunku ba mugu ba ne. Duk abin da ya faɗa gaskiya ne. Bakuna sun yi masa yawa, ga matan 'yan'uwa da aka bar masa, ga masu karɓar rabo a bakin ruwa waɗanda ba su san yadda ake jiƙa ƙafa ba. Na yi kuka a kan maganarsa har Malam ya daina tsokanata. Amma gaskiyarsa ba ta kashe tawa ba. Yunwar bana ake gani, ta baɗi ba ta da murya, dole wani ya tsaya mata, ni kuwa ba ni da gora ba ni da sarauta, tirena kawai gare ni. Shi na kife.

Abin da ya biyo baya kun fi kowa sani, don a jikinku ya sauka. Sale ya sami wata mai saye a lungun bayanmu, ba a yi wata ba masu cinikina suka koma can. Ina wucewa ina jin mata na cewa ai mai ƙwan ta fi daɗi. Na gwada bandar wasu, duk kanwar ja ce. Na koma aikatau a wani gida a Bagdadiyya, ina wanke matakala da gwiwoyin da suka fara ƙara, matar gidan na kirana da sunan da ba nawa ba. Makarantarki ta gagara, Khadija, aka cire ki kina cikin na gaba a aji, kika zauna kina renon ƙannenki. Ranar da kika dawo da jakarki ta ƙarshe kika tsaya a kaina ina tsintar shinkafa.

"Ya ummi, ashan samak? Saboda kifi? Kifin da ko ganinsa ban taɓa yi da rai ba?"

Na ci gaba da tsintar shinkafata. Yanzu da na zauna a aji da kaina na san girman abin da aka ɗauke miki, na kuma san ba ki manta ba. Ba zan ce miki bai yi tsada ba. Ya yi, kuma ke kika fi kowa biya. Amma in aka mayar da ni kan simintin nan da ƙwai a hannu, abin da na yi shi zan sake yi. Gara ki ji wannan daga bakina da in yi miki daɗin baki.

Shekaru suka yi ta tafiya ba kaset ba saƙo. Malam ya kwanta ciwonsa na ajali, ko a nan bai bar ni ba, yana cewa in ya riga ni zai tambayo mini ko akwai kawara a Alkausara. Da ya rasu Gambo ta kawo mini ta'aziyyar kowa a tunga, ta Sale kuwa a bakin matarsa ta zo. Na aurar da ke, na aurar da mai bi miki, bai aiko ba, ban aika ba. Kai irin na Baba ne a wuyanmu mu biyu.

Sai wata shekara bayan an sauko daga Arfa, da hantsi, ina shanya a soron sama, na ji ana sallama da muryar Baba. Na sauko na tarar da wani tsoho a bakin ƙofa, kai a aske, fuska duk ta zube, yana rungume da ƙaramin kwali ɗaure da igiya. Yaron da na goya ne ya zama haka.

"Yaya, ko in koma?"

"Da ka san za ka koma me ya kawo ka? Shigo, kana tare wa mutane hanya."

Kina nan ranar, Khadija, kin zo da jaririnki, ke kika shimfiɗa masa darduma kika kawo ruwa. Muka gaisa gaisuwar baƙi, ina gida ina yara, kowa na kallon bango. Na yi masa barka da sauke farali, ya yi mini ta'aziyyar Malam da bakinsa. Can ya ce:

"Kin san kifin nan naki yana nan?"

"Wane kifi?"

"Tsarabata. A rufin ɗaki na rataye shi, a cikin ƙyallensa. Duk baƙon da ya zo sai na sauko da shi na nuna masa, in ce ku ga abin da 'yar'uwata ta aiko mini daga ƙasa mai tsarki. So nake a taya ni jin haushi."

"An taya ka?"

"Da fari an taya. Daga baya sai na lura tsofaffi in na buɗe ba ni suke kallo ba, ƙwan suke kallo, su tashi su tafi. Kawara kuwa tana ta raguwa. Aka kai shekarar da jan ruwa ya sauko muka fita muka tsaya, ruwan bai tafasa ba. Na ga 'ya'yana na cikina suna tace 'yan mitsi-mitsi da gidan sauro, abin da ko kaza sai ta yi tunani kafin ta tsattsaga. Jikana ya tambaye ni wai wane irin kifi ne a ƙyallen nan, bai san shi ba. Jikan sarkin ruwa, Yaya."

Ya ce shi kaɗai ya fara buɗewa, aka yi masa dariya, kuma kamar yadda ya faɗa tun farko, na sama da shi ne suka kwashe. Sai ya ɗauki ƙyallen ya shiga kwalekwale, tunga bayan tunga, yana zama da dattawan kowane reshe yana kwance musu shi. Wasu suka yarda, wasu suka kore shi, wasu suka yarda da baki suka rufe da ya juya baya. Na tambaye shi ko kifin ya dawo. Bai yi mini ƙarya ba. Ya ce ba kamar na zamanin Baba ba, ba kuma zai ce ƙofar ce kaɗai ba, don an tare kogin da madatsai can sama, ruwan sama kuma na Allah ne. Amma ana ganinta, in ji shi, wata shekara da dama-dama, wata shekara kaɗan.

Sannan ya turo mini kwalin da bayan hannunsa, yana kallon ƙasa.

"Ba na sayarwa ba ne. Na miya ne."

Na kwance igiyar. Kawara ce, ba ta kai waccan girma ba, ba ta kai ta maiƙo ba. Ƙamshin hayaƙin ya bugi fuskata har idona ya kawo ruwa. Ban taɓa kifin ba. Shi ma ya san abin da nake jira, ni ma na san abin da yake jira.

"Fasa, Yaya."

Na zura hannu can ƙasan kwalin, don ni ba a yi mini ta saman kaya. Ya yi wata 'yar dariya, ya ce wallahi ya gaya wa matarsa daga ƙasa zan zaro. Na danna babban yatsa. Cikin ya buɗe wayam, ba komai sai ƙaya da baƙin hayaƙi. Ta hau, ta sauke, ta dawo, sannan aka kama ta.

Kina tsaye a bakin ƙofar kicin kina kallonmu, tsofaffi biyu suna kuka a kan ɗan busasshen kifi. Ban san abin da kika gani ba a ranar, ba ki faɗa ba, ban tambaya ba. Na dai ɗaga kai na ce miki:

"Khadija, ɗora tukunya. Kawunki bai ci komai ba."

Kika ɗora, kika kaɗa kukar da hannunki. Kika ci tare da mu.